Kafin Ka Sayo Wa Yaro Abin Wasa

 Ɗana, ka ba ni aron hankalinka kaɗan a kan wata magana da mutane ke ɗauka ƙarama, wato maganar wasan yara, domin na lura duk sa'ad da salla ta gabato, iyaye masu ƙuruciya irinka sukan shiga kasuwar Sabon Gari ko su tsaya wajen masu baza kaya a bakin titi, su ciko leda da motocin roba da bindigogi da ƴan tsana masu gashi ruwan zinariya, su kai gida ransu fes, amma kafin a gama yawon salla rabin kayan sun kakkarye, sauran kuma yaro ya gaji da su ya watsar a tsakar gida, ya dawo yana kuka a ba shi waya. Faranta wa yaro rai abu ne mai kyau, har lada ake samu a kansa, saboda haka kada ka ɗauka cewa zan yi ka daina. So nake ka san abin da wasa yake yi wa yaro, domin uban da ya san wannan ba zai auna ƙaunar ɗansa da tsadar abin da ya sayo masa ba.

Mu da muka tashi lokacin da kara ya fi roba yawa a gari, ba a saya mana abin wasa, mu muke ƙera abinmu. In kaka ta yi, an girbe dawa an jibge kara a bayan gida, to kakar yara ma ta yanke saƙa. Yaro zai zaɓi karan da ya miƙe, ya ɓare bayansa a hankali ya fito da totuwa, ya tsattsaga ɓawon siri-siri ya zama su ne ƙusoshinsa, sa'an nan ya samu inuwa ya zauna yana yanka yana sokawa yana haɗawa, har mota ta tashi da ƙofofinta da mazaunin direba da bodin zuba kaya. Ƙafafun kuwa sai an nemo sakaina an goga ta a dutse har ta zagaye, daga baya da silifas ya yawaita aka koma yanka tsohonsa. Ɓawon kara akwai kaifi, ba wanda ya yi wannan aiki bai yanke a yatsa ba, sai dai ya tsotse jinin ya ci gaba. Wani yaron dokin kara ya fi so, ya ɗaura masa linzamin igiyar rama, ya naɗa tsumma a ka a madadin rawani, su jeru suna kwaikwayon hawan daushe, har da mai yi wa sarki kirari. Wani kuma bakin kududdufi yake nufa ya ɗebo yumɓu ya gina shanu da ƙahonninsu da tozonsu, ya shanya su a rana ya zauna gadi kada akuya ta tattake. Da gwangwanin madara da na kifi suka cika gari sai motar gwangwani ta zo, da ta waya mai dogon sitiyari wadda yaro ke tuƙawa yana tafe a tsaye, ga gare-gare da tsohon wilin keke, ga ƙwallon tsumma da ake ɗaurewa tamau da igiya.

Motar kara takan ci wuni guda kafin ta tsaya da ƙafafunta, kuma ba ta daɗewa, amma wanda ya ƙera ta ya san inda kowace ƙusa ta shiga, saboda haka in ta karye ba ya rugawa wurin uwarsa da kuka, zama yake yi ya gyara, in ta ƙi gyaruwa ya sake wata wadda ta fi ta farko kyau. Ƙaramin yaro kuma yana tsugune kusa da babba yana miƙa masa totuwa, ana korarsa yana dawowa, har ranar da za a ce masa, to gwada mu gani. Haka haƙuri yake shiga jikin mutum ba tare da an yi masa wa'azi ba, haka kuma yake koyon ganin girman wanda ya fi shi iyawa. Ka tambayi tsofaffin makanikai da masu walda da kafintocin unguwarku inda hannunsu ya fara faɗawa, za ka sami waɗanda za su ce maka a kan motar gwangwani ne. Abin wasan kanti kuwa a kammale yake zuwa, an riga an yi wa yaro tunanin an yi masa aikin, nasa kawai ya danna ta yi ƙara ta kawo wuta, ranar da batir ya mutu ko ƙafa ta fita ba mai iya gyarawa a gidan, sai bola. In aka maimaita wa yaro wannan shekara da shekaru, abin da zai zauna masa a zuciya shi ne duk abin da ya lalace a yar a sayo sabo, ni kuwa ina tsoron wannan ɗabi'a ƙwarai, domin ba a kan mota take tsayawa ba, takan bi mutum har cikin zumuncinsa da aurensa.

Ƴan mata ma hannunsu ne kantinsu. Yarinya takan je wajen tela ta roƙo ƙyallaye, ta ɗaura wa ƴar tsanarta ta kara zane da kallabi, ta goya ta a baya tana jijjigawa kamar yadda ta ga ana yi wa ƙanenta. Ranar bikin ƴar tsana kuwa ƙawaye ake gayyatowa, a jera wa amarya kayan ɗaki na marafan kwalba da gwangwanaye, a tuƙa tuwon ƙasa da miyar ganye, a sami uwar amarya da dangin ango, har a yi ƴar taƙaddama a kan kayan gara a kuma shirya. Duk zaman gidan da za su tarar a gaba sun riga sun gwada shi a ƙasa suna dariya.

Amma in ka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi yi mini ciwon rashinsa, ɗana, ba zan ce kara ko gwangwani ba, abokin wasa zan ce. Wasannin dandali kusan duka ba a iya yin su mutum ɗaya. Dubi langa. A raba yara gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, kowane gida ya fitar da ruwansa, wato wanda ake so ya kai ga wurin sha, sauran su kare shi da ƙirjinsu da kafaɗarsu, duk wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Mai ƙarfi yakan yarda a tunkuɗe shi ya sha ƙasa domin ɗan siririn da aka yi ruwa ya wuce, in ya wuce kuwa duk gidan ne suka ci. Wasan nan bai mutu ba, har yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, sai dai yaran unguwa da yawa ba su taɓa kama ƙafarsu ba. Dubi kuma gaɗa, inda ƴan mata ke yin rabin da'ira suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito ta juya musu baya ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, su cafe ta su cilla ta ta dira a kan ƙafafunta. Yarinyar da ta saki jiki haka ta koyi yarda da mutane, waɗanda suka cafe ta kuma sun koyi cewa wanda ya jingina da kai ba a janye masa hannu. Ko ƴar carafke da ƴar gala-gala da ake ganin ba su da nauyi, akwai jiran layi a cikinsu, wadda dutse ya kuɓuce mata dole ta koma gefe ta zuba ido har zagaye ya sake zuwa kanta.

A dandali babu alƙalin wasa, kuma a nan darajarsa take. In gardama ta tashi, wane ya saki ƙafa ko bai saki ba, yara ne za su yi ta musu har su daidaita, domin kowa ya san in ba a daidaita ba wasa ya watse, kowa ya yi asara. Mai ha'inci ana gane shi, gobe ba mai son a haɗa shi gida ɗaya da shi. Mai fushi in an ci shi ya ɗauke ƙwallonsa ya tafi, jibi zai tarar an ɗaura wata ƙwallon ba a neme shi ba, sai ya dawo da kansa yana sunkuyar da kai. Shan kaye a gaban idon jama'a, a yi maka dariya, ka haɗiye, ka dawo washegari ba ka riƙe kowa a zuciya ba, wannan darasi ne da ba a rubuta shi a allo, kuma wanda bai koye shi yana ɗan shekara takwas ba zai koye shi yana ɗan talatin, a kasuwa ko a wurin aiki ko a ɗakin aure, inda kuɗin makarantar ya fi tsada.

Tashe ma makaranta ce irin wannan. Daga goma ga azumi, bayan an sha ruwa, yara kan bi gida-gida, wannan ya manna gemun auduga ya tokara sanda, wancan ya rataya layu da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani, ƴan mata suna nasu na Mairama da Daudu suna nuna yadda ake zaman aure, a Kano kuma Nalako yana zagayen gwauraye. Yaro yakan koyi sallama a ƙofar gida, da tsayuwa gaban manya ya yi magana ba ya rawar murya, da godiya ko da ɗan hatsi kaɗan aka ba shi, da raba abin da aka samu ba cuta. Abin takaici, a wasu shekarun baya-bayan nan sai da ƴan sanda suka dakatar da tashe a Kano saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwace da sare-sare, ƙananan yaran da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka rasa.

Kada ka ji ina wannan lissafi ka ce da can komai lafiya ne. Kududdufi ya ci yara, kunama ta harbi masu ɓuya a bayan rumbu, an karya ƙafa a langa, an kuma yi wa marasa ƙarfi da masu naƙasa tsokanar da ba ta dace ba. Yaran yanzu kuma ba su suka kori dandali ba, zamani ne ya zo da sauye-sauyensa, wasu alheri ne. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976 yara da yawa suka shiga aji, kuma wannan abin godiya ne, sai dai a hankali ranar yaro ta cika maƙil, boko da safe, Islamiyya da yamma, lesin a tsakani, aikin gida da dare. Talabijin ya fara aiki a Kaduna tun 1962, amma ya daɗe bai raba yara da juna ba, domin gida ɗaya ko biyu ne ke da akwatin a unguwa, yara su cika tsakar gidan su kalli Samanja tare su fito suna kwaikwayonsa, tashar kuma tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Bidiyo ya zo, gidajen kallon ƙwallo da na gem suka biyo baya. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, ba a jima ba ta tashi daga abin kira ta zama akwatin kallo a tafin hannu. A daidai wannan lokaci filayen unguwa suka zama shaguna da gidajen haya, lunguna suka cika da babura da A Daidaita Sahu, labarin satar yara ya sa uwa ba ta iya runtsawa in ɗanta yana waje, a wasu ƙauyukanmu kuma rashin tsaro ya sa ko farin wata ya fito ba mai leƙa ƙofa. Saboda haka uwar da ta kulle ɗanta a ɗaki ta miƙa masa waya ban ga laifinta ba, tsoro ne da gajiya, kuma duka biyun gaskiya ne.

Sai dai ka san halin abin da aka miƙa masa. Waya ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta cewa yanzu layina ne. In an ci yaro a gem sai ya danna ya sake, ba wanda ya gani, ba wanda zai ba haƙuri, ba wanda zai nema sulhu da shi. In bidiyo ya gundure shi sai ya ja da yatsa wani ya fito, kuma masu ƙera waɗannan abubuwa da gangan suka tsara su yadda ba su da ƙarshe, domin ribarsu tana cikin daɗewar idon mai kallo. Yaron da ya saba da abokin da ba ya taɓa ce masa a'a, ranar da ya haɗu da ɗan'adam mai nasa ra'ayi sai ya ga kamar an zalunce shi. Shi ya sa za ka ga an karɓe waya daga hannun ɗan shekara uku ya faɗi yana birgima, ba don mugun yaro ba ne, bai taɓa koyon jira ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi, sa'an nan yaro mai shekara 1 zuwa 4 yana bukatar aƙalla awa 3 a rana yana motsa jikinsa. A shekarar ce kuma ƙasashen hukumar suka amince a sa jarabar gem, wadda ke hana mutum barci da karatu da hulɗa da iyalinsa, cikin jerin cututtuka. Ban kawo maka wannan don in tsorata ka ba, na kawo ne don ka ga likitoci ma inda suka tsaya ke nan, a bar yaro ya yi gudu da tsalle. Kuma ban ce waya ba ta da amfani ba, akwai yaran da suka gyara karatun Alƙur'ani da ita, akwai waɗanda suka koyi lissafi da zane, ɗanka kuma a zamanin kwamfuta zai nemi abincinsa, hana shi saninta gaba ɗaya cutarwa ce.

Wani kuma yakan faɗa ɗaya gefen, ya ɗauka tarbiyya ita ce hana wasa, yaro ya zauna shiru kamar baƙo a gidan ubansa. Wannan ma ba koyarwar addininmu ba ce. Ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana tana wasa da su tare da ƙawayenta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan turo mata ƙawayen in sun ɓuya saboda kunyarsa, har ya taɓa ganin doki mai fukafukai cikin kayan wasanta ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Ya kuma tsawaita sujada yana limanci domin jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. In shugaban halitta ya ba wasan yaro wannan matsayi, ni da kai ba mu da hujjar ɗaure fuska.

To, in za ka saya, ka sayi abin da zai bar wa yaro aiki, kamar ƙwallo, da igiyar tsalle, da tubalan da ake harhaɗawa a rushe a sake, da fensir mai launi da takarda, da keke in Allah ya hore. Bindigar roba mai harsashi ka bar ta a kasuwa ko da ya yi kuka, domin ƙwayar nan ƙarama tana fasa ido, kuma ido ba a sayo wani. Ka duba duk abin wasan da ke aiki da ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo, in murfinsa ba a ɗaure yake da noti ba kada ya shiga gidanka, domin in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙone hanyar abinci cikin awa 2, in kuwa hakan ta faru asibiti ake nufa nan take ba a jira gari ya waye. Kada ka yi saurin zubar da kwali da gwangwani marar kaifi da marafan roba, ka tara masa su a kwando guda, in ka je ƙauye da kaka ka ɗauro ɗaurin kara a bayan mota, ka zauna a tabarma ka ɓare masa na farko. In ya yi motarsa ta fito a karkace kada ka karɓe ka gyara masa, ka yaba, ka bar shi ya gano da kansa abin da ya sa take tafiya gefe guda.

Maganar waya kuwa ka zauna da uwar yaran ku yi ta tare, cikin mutunci, domin ita ke wuni da su, ita ta san nauyinsu, dokar da ka kafa da safe ka fita ka bar ta da kukan ba za ta kai azahar ba. Ku tsayar da lokaci sananne, ku hana ta a wurin cin abinci da kan shimfiɗar barci, ku riƙa sanin abin da ake kallo. Kai ma in ka dawo gida ka ajiye taka na ɗan lokaci, domin yaron da ya zo nuna maka abin da ya gina ya tarar idonka na kan waya, sau biyu sau uku zai daina zuwa, kuma ba zai gaya maka ranar da ya daina ba. In uwarsa ko kakarsa tana da tatsuniya a ka, ku kashe talabijin bayan isha ku bar Gizo da Ƙoƙi su shigo.

Abin da ya fi duka wuya, kuma ya fi duka amfani, shi ne ka samar masa yara. Ka buɗe ƙofarka ga ƴaƴan maƙwabta da ka san gidajensu, ko da za su ɓata tsakar gida su cika maka kunne, ka kai shi gidan ƴan'uwa ya kwana cikin sa'o'insa. In sun yi faɗa a kan ƙwallo, muddin ba a ɗauki dutse ko sanda ba, ka ɗan dakata kafin ka sa baki, kuma kada ka shigar wa naka don naka ne, ɗa na kowa ne. In akwai ɗan filin da ya rage a unguwarku, ku haɗu ku iyaye ku je wajen mai unguwa tun ba a kafa harsashin gini a kansa ba, ku share shi, ku kwashe kwalabe da ƙusoshi, ku sa ƙwan lantarki ko fitila mai aiki da hasken rana. Tsoron da ke hana a bar yara su fita kuwa maganinsa idon babba, saboda haka ku tsara a tsakaninku, kowane dare dattijo ɗaya ko biyu su shimfiɗa tabarma a gefe daga isha zuwa lokacin da za a kira kowa gida. In kun tsara ku sa ni a daren Alhamis, ƙafata ba ta langa yanzu, amma ƙa'idojinta suna nan a kaina, zan nuna musu yadda ake fitar da ruwa.